Idon Mama Winifred da Jarin Ɗanta

Duk takardar laccar da Othniel ya sayar a Sabon Gari tsakanin 2007 da 2008, ni na buga ta da hannuna, don haka babu wanda zai gaya mini abin da ke ciki. Shagon fotokwafi gare ni a Samaru, kuma gidan haya ɗaya muke zaune da su, ƙofar ɗakina na kallon ta mahaifiyarsa, Mama Winifred. Da rana in buga masa dokokin arziki, da yamma in dawo gida in tarar da dokokin suna aiki a jikin tsohuwa.

Othniel malamin sakandare ne, amma in kana so ka ɓata masa rai, kira shi haka. Ya karanta littattafan Turawa huɗu ko biyar na yadda ake tara dukiya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin titi, ya sayi kaset-kaset ya yi ta saurare har rediyonsa ta fara taune su, shi ke nan ya zama masani. Kowace Asabar sai ya zura kwat, ya shaƙe wuyansa da ɗan ƙyallen nan na ma'aikatan banki, ya hau bas zuwa wani zauren saman bene da yake haya a Sabon Gari. Malaman makaranta, nas-nas, ɗalibai, masu shaguna, duk su cika wurin a koya musu sarrafa kuɗi. Ka biya kuɗin shiga, ka sayi takarda, in kana da sauran canji ka haɗa da kaset na muryarsa. A lokacin kuwa kowa hannun jarin banki yake saye, har mai shayin bakin layinmu yana da ra'ayi a kan wanda zai tashi.

A cikin dokokinsa goma, ta uku ya fi ƙauna, har ya sa na buga ta da manyan baƙaƙe: BA A TAƁA JARI. Kuma duk sanda ya zo kanta, mahaifiyarsa ce misali. Ya ce ga tsohuwar da ba ta wuce aji huɗu a firamare ba, amma yau tana da hannun jari a bankuna uku, saboda ta saurari ɗanta. Sai zaure ya ɗauki tafi. Ba ƙarya ya yi ba. Garatutin marigayi mijinta ne, kuɗin sallamarsa daga aiki, naira dubu ɗari huɗu, Othniel ya zuba shi duka da sunanta, takardun kuma suna cikin jakarsa mai lambobin sirri.

Abin da bai taɓa faɗa a zauren ba shi ne ido ɗaya ya rage wa tsohuwar. Na hagu ya riga ya tafi tun kafin a gane cutar. Ranar da aka duba na daman a asibitin Shika, cikin watan Mayu, ni na rufe shago na raka ta, don Othniel yana da taro. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya rubuta maganin ɗigawa, safe da yamma ba fashi, ya ce a yi aiki kafin shekara ta ƙare, kuɗinsa dubu arba'in da biyar. Ya kuma maimaita mana sau biyu cewa duk abin da wannan cuta ta cinye na gani ba ya dawowa, aikin na tsare abin da ya rage ne kawai.

Mama ba ta tsorata da kuɗin ba. A mota ma tana ce mini ai da sauƙi, tun da tana da dukiya a banki. Abin da ya dame ta ranar Alhamis ce. A zumuntar matan cocinsu ita ce mai karanta musu Littafi Mai Tsarki da Hausa, domin yawancin sa'o'inta ba su iya karatu ba. Shekara ashirin tana wannan, kuma ban taɓa ganin abin da take ji da shi kamarsa ba.

Da yamma ta tare ɗanta a tsakar gida, ina wanke-wanke a bakin famfo. Ta miƙa masa takardar likita, ta ce ya cire mata kuɗin aikin daga na babansa. Othniel ya karanta, ya gyaɗa kai kamar babban ma'aikaci, ya shiga ɗaki ya fito da jarida. Ya buɗe shafin nan mai jerin lambobi ƙanana, ya kai shi gaban matar da aka ce idonta na mutuwa, ya ce ta duba da kyau.

"Mama, kin ga nan? Wanda muka saya naira goma sha ɗaya, yau yana ashirin da uku. In muka cire dubu arba'in da biyar yau, dubu ɗari muka zubar kafin Kirsimeti. Likita ya ce kafin ƙarshen shekara, ai bai ce gobe ba."

"To, kai ka yi karatu," in ji Mama. "Amma idon yana mini nauyi."

"Shi ya sa aka ba ki magani. Ki ba ni wata uku."

Ta ninke takardarta ta ɗaure a bakin zane. Ni kuma na ci gaba da cuɗa tukunya, ina gaya wa kaina ba ruwana da sha'anin gidan mutane.

Maganin ma bai tsira daga ilimin Othniel ba. Wani littafinsa ya ce a raba kuɗin gida cikin ambulan-ambulan, kowanne da sunansa, in ya ƙare ya ƙare, ba a ara daga wani. Akwai na abinci, na haya, na makarantar yara, na zakkar coci, da wani mai kauri da ya rubuta wa "Ilimin Kai", wato kuɗin sababbin littattafai da zuwa taro Kaduna da Abuja. Maganin idon uwarsa bai samu ambulan nasa ba. An jefa shi cikin na "Sauran Abubuwa", tare da man takalmi da batir da kuɗin aski. Matarsa Christabel ce ke riƙe da su. Duk watan da Mama ta nuna mata kwalbar da ta ƙare, sai ta zazzage ambulan a gabanta don ta ga ba komai, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uwa, tsari ne na maigida. Ta faɗe shi da ladabi har da russunawa, ta koma ɗaki ta ci gaba da kallon fim.

Wata uku suka cika, Othniel ya nemi wasu ukun. Wani banki ya fito da sabon tayin hannun jari, ya ce irin wannan dama sau ɗaya take zuwa a rayuwar mutum. Kirsimeti ta zo, ya saya wa Mama atamfa mai tsada da tabarau na kasuwa, irin na karatu, ya ce ta gani ko zai taimaka. A zauren Sabon Gari kuma ya ba da labarin atamfar, ya ce da ribar jarinta aka saya. Aka sake tafawa.

Cikin watan Janairu na gano abin da ya fi ƙona mini rai. Na shiga gaishe ta wata Talata da safe, na ga kwalbar maganin a kan taga, kusan cike take, alhali na san an fi wata biyu da saye. Na tambaye ta. Sai ta yi murmushi irin na wadda ta yi dabara, ta ce ai ta gano yadda za ta sa ya daɗe. Ranar Alhamis kawai take ɗigawa, kafin ta tafi zumunta, sai kuma Lahadi. A tunaninta maganin kamar tabarau yake, ana sa shi ne lokacin da za a yi karatu. Sauran kwanakin, in ji ta, ba abin da take kallo sai tukunya da tsintsiya, me za a ɓata magani mai tsada a kansu.

Na zauna bakin gadonta na yi mata bayani iyakar abin da na fahimta daga likita. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Naila 'yata, in na ɗiga kullum, kwana ashirin ya ƙare. In ya ƙare kuma sai na je na tsaya gaban matar ɗana. Na gaji da tsayuwar nan."

Ranar na hau bas zuwa Sabon Gari na sayo mata kwalba ɗaya a kemis da kuɗina. Na sake sayowa wata na gaba. Ban iya na uku ba, ƙaramin shago ne nawa, ga ƙanne ina ɗawainiya da su. Da Othniel ya kawo mini sabon aiki, na cire kunya na yi masa magana. Bai yi fushi ba, ai masana ba sa fushi. Ya jingina da injin fotokwafi ya ce matsalata irin ta yawancin mutanenmu ce, da zuciya muke tunanin kuɗi maimakon da kai. Talaka, in ji shi, shi ne mai cin irin shukarsa saboda yunwar kwana ɗaya. Ya zaro kaset ɗaya daga jaka ya ba ni kyauta, ya ce in saurari gefe na biyu. Na karɓa. Na kuma buga masa takardunsa, kwafi ɗari da hamsin, domin shi ne babban mai kawo mini aiki. Wannan ita ce tawa hujjar, kuma ba ta fi ta Christabel tsabta ba.

Mama ta kai kuka wurin Baba Gregory, dattijon cocinsu, bayan na dame ta. Ba ƙara ta kai ba, ta dai roƙe shi ya tuna wa yaron. Ashe Baba Gregory a kujerar gaba yake zama a zauren lacca duk Asabar, kuma ta hannun Othniel ya zuba nasa kuɗin fansho. Ya zo gidan da kansa, aka ba shi kujera da lemo. Ya yi addu'a mai tsawo a kan idon, sannan ya ce wa Mama ta gode wa Allah da ya ba ta ɗa mai hangen nesa, wasu 'ya'yan da tuni sun shanye kuɗin a mashaya. Ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan. Kafin ya tafi ya ja Othniel gefe ya tambaye shi ko ya dace ya ƙara sayen na kamfanin inshora.

Sai kasuwa ta juya. Daga watan Maris na 2008 lambobin jarida suka fara gangarowa, suka ƙi tsayawa. Na yi zaton yanzu dai zai sayar, ya ceci abin da zai iya, ya kai uwarsa asibiti. Ashe ban san zurfin ilimin ba. Bara ba a sayarwa saboda yana hawa, bana kuma ba a sayarwa saboda yana sauka. Ya ce wa Mama asara ba ta zama asara sai ranar da ka sayar, matsorata ne ke gudu yanzu, nan da wata biyu za su dawo suna cizon yatsa. Na buga wannan maganar ma, ita ce shafin farko na sabuwar takardarsa. Na duba dokokin nan goma daga sama har ƙasa, ban ga ranar da aka ware ta sayarwa ba.

Ita wannan cuta daga gefe take fara ci. Mama ta ce mini duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta ramin makulli, in tana kallon fuskata ba ta ganin kafaɗuna. Ta fara tuntuɓe da bokitai. Ta taka kaskon wuta da ƙafa, ta yi sati biyu tana ɗingishi. Christabel ta ce a daina barinta tana girki, ba don tausayi ba, don ta zuba omo a miya sau ɗaya a zaton gishiri ne. Daga nan aka rage mata komai, ta koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki, tana gane mu da takunmu. In Othniel ya wuce da jakarsa ya ce, "Mama, ya jiki?" kafin ta amsa ya kai zaure.

Alhamis ce kawai ba ta bari ba. Da farko tana kai littafin dab da hanci, tana bin layi da yatsa. Daga baya wata 'yar zumuntarsu da ke kawo mini fotokwafi ta gaya mini Mama ta daina karatu tuntuni, daga ka take kawo wuraren da ta haddace, tana juya shafi lokaci-lokaci don kada a gane. Matan duk sun gane. Suna dai zaɓar mata wuraren da suka san ta iya. Ranar da na ji wannan, na shiga bayan shago na yi kuka, kuma rabin kukan haushin kaina ne.

Abin da likita da ni da ƙunar ƙafa muka kasa, kwata ta yi shi. Wata Lahadi cikin Oktoba, ana tashi daga coci, Mama ta rufta cikin kwatar bakin titi har gwiwa, goshinta ya fashe, a gaban jama'a. A cikin masu ɗago ta akwai mutum uku da ke biyan kuɗin shiga laccar ɗanta. Ɗaya daga cikinsu, wata nas, ta tambaya da ƙarfi ko wannan ce mai hannun jari a bankuna uku. Kafin Laraba Othniel ya samo dubu arba'in da biyar. Ya sayar da wani kaso a kan asara, yana ta maimaitawa a tsakar gida don kowa ya ji irin sadaukarwar da ya yi. Ya ɗauko shatar tasi, ya sa kwat ɗinsa, ya ce in zo in riƙe ta tun da na san hanyar wurin.

Likitan nan ne dai na farko. Ya duba kati, ya ga wata goma sha bakwai tsakanin zuwan farko da na yau. Ya zaunar da Mama, ya ɗage fatar idonta, ya kunna 'yar fitilarsa ya haska mata tsakiyar ido. Ya matsa dama, ya matsa hagu. Mama tana zaune tsaf, hannuwa a cinya, kamar yarinyar da za a ɗauka hoto.

"Likita, ka kunna mana," in ji ta. "Na shirya."

Ya kashe fitilar ya mayar aljihu. Ya yi wasu gwaje-gwajen don cika aiki, sannan ya juya wurin Othniel ya ce jijiyar ta mutu, babu sauran abin da aiki zai tsare. Othniel ya buɗe jaka ya nuna masa kuɗin, ya ce ga su nan cif, in ma akwai ƙari zai nemo. Likita ya ce ko miliyan ya kawo, ya makara da shekara guda. Ya rubuta wani magani na rage ciwo, ya kira mai bi mana.

Muka fito muka zaunar da ita a benci a baranda. Na zaci zai durƙusa gabanta. Na zaci ko kuka zai yi, ko da na ganin ido ne. Ya tsaya yana kallon ƙasa, na ga fuskarsa ta yi nauyi, har na fara sassauta masa a raina. Sai na ga leɓensa na motsi, irin motsin da yake yi in yana lissafi a shagona. Ya zaro waya ya matsa taku uku kacal, ya manta cewa wanda ya rasa ido kunnensa bai tafi ko'ina ba. Dillalinsa na hannun jari da ke Kaduna ya kira. Ya ce kuɗin nan da aka fitar shekaranjiya ba a yi amfani da su ba, a mayar da su yau-yau, tun da farashi ya kai ƙasa yanzu ne lokacin saye.

Na sha jin mutane na cewa jahilci ne ke kashe gidajenmu, a karanta, a je lacca, a waye. Ban ƙi ba. Amma mutumin nan ya karanta, ya saurara, har ya koyar, ya san darajar naira ɗaya bayan shekara ashirin, bai san darajar idon da ya rene shi ba. Littattafan ba su ce masa ya bar uwarsa ta makance ba, na karanta su ina bugawa. Shi ya shiga cikinsu ya tsinto abin da zai fake da shi, mu kuma da muka gani, matarsa da dattijonsa da ni, kowa ya samu nasa ɗan dalilin ya yi shiru.

Ya gama waya ya dawo, ya tsuguna gefen benci, ya sassauta murya. Ya ce mata ta yi haƙuri, haka Allah ya so. Ya ce amma kada ta damu, kuɗinta ba su tafi a banza ba, ya mayar mata da su, kuma ta sa ido, kafin baɗi sai sun ninka.

Mama ta laluba ta kamo hannuna, ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zanenta. Ba ta juya wajen muryarsa ba.

"In sun ninka sai ka gaya mini," in ji ta. "Ni dai ba zan gani ba. Naila, kai ni gida."